Saje Henry Johnson: shekara 97 ana gyaran takardun soja ɗaya

Ranar 2 ga Yuni 2015 shugaba Barack Obama ya tsaya a fadar White House ya miƙa Medal of Honor, wato lambar jarumta mafi girma da sojan Amurka zai iya samu, da sunan wani mutum da ya rasu tun 1929. Sunansa Henry Johnson, baƙar fata ne, kuma aikin da ya jawo masa lambar ya yi shi ne a dare ɗaya cikin watan Mayu 1918 a dajin Argonne na ƙasar Faransa. Ku lissafa da kanku jama'a, shekara 97 kenan tsakanin aikin da lambar. Kuma fa ba wai abin ya faru a ɓoye ba ne, jaridu sun buga tun a lokacin, Faransa ta ba shi tata lambar, an zaga da shi a mota cikin birnin Niyok mutane na ihu, amma duk wannan bai shiga inda ya kamata ya shiga ba, wato fayil ɗinsa na soja, kuma a gidan soja abin da ba ya cikin fayil kamar bai faru ba ne.

An haife shi wajen 1892 a jihar North Carolina, yana matashi ya koma Albany babban birnin jihar Niyok yana dako a tashar jirgin ƙasa, irin masu jar hular nan da ke ɗaukar wa fasinja akwati. Gajere ne ba shi da wani jiki, tsayinsa ƙafa 5 da inci 4. A watan Yuni 1917, wata biyu bayan Amurka ta shiga yaƙin duniya na ɗaya, ya sa hannu ya shiga wata runduna ta baƙaƙe zalla ta jihar Niyok wadda Kanar William Hayward ke jagoranta, ita ce daga baya aka sa wa lamba 369, aka fi saninta da Harlem Hellfighters. Da suka sauka Faransa wajen sabuwar shekarar 1918 ba a kai su fagen daga ba, aikin lebura aka sa su, sauke kaya a tashar jirgin ruwa da haƙa da shimfiɗa layin dogo. Janar John Pershing babban kwamandan Amurka ya kafe a kan ba zai rarraba sojojinsa ƙarƙashin hafsoshin wata ƙasa ba, amma da Faransa ta matsa tana neman mutane sai ya ba ta aron rundunonin baƙaƙe. Haka su Johnson suka koma kaki na Amurka, hular kwano ta Faransa, bindiga ta Faransa, abinci na Faransa, ƙarƙashin Janar Henri Gouraud. Wannan Gouraud ɗin ba baƙo ba ne a tarihin yankinmu, shi ne ya kama Samori Ture a 1898 kuma ya yi aiki a wajajen Damagaram da Chadi tun kafin ya zama janar.

Ku riƙe maganar aron nan, don daga nan matsalar takarda ta samo tushe. Soja yana yaƙi ƙarƙashin tutar wata ƙasa, rahoton abin da ya yi yana hawa ta hannun hafsoshin waccan ƙasar, su kuma nasa manyan da ke da hurumin rubuta masa shawarar lamba ba su damu su rubuta ba.

Daren 14 wayewar 15 ga Mayu, Johnson da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Needham Roberts suna gadi a wani ɗan wurin tsaro can gaba da sauran mutanensu. Can cikin dare suka ji ƙarar almakashin yanka waya, ƙyas ƙyas, a jikin shingen wayar da ke gabansu. Jamusawa ne suka zo kamun fursuna, takardar lambar da aka karanta a 2015 ta ce aƙalla mutum 12 ne. Johnson ya fara jifa da gurneti, nan take aka raunata Roberts har ya kasa tashi, sai dai yana kwance yana miƙa wa Johnson gurneti, da gurnetin ya ƙare Johnson ya koma bindiga, bindigar ta cije, ya juya ta yana duka da gindinta har itacen ya farfashe. Yana cikin haka ya hango suna jan Roberts za su tafi da shi, sai ya zaro wata doguwar wuƙa mai kamar ƙaramar adda da suke ratayawa ya afka musu, shi kaɗai, jini na zuba a jikinsa, har suka saki yaron suka ja da baya. Da gari ya waye an ƙirga masa raunuka 21, ƙafarsa ta hagu ta ragargaje sai da aka sa mata ƙarfe.

Faransa ba ta ɓata lokaci ba, ta ba shi lambarta ta jarumta, Croix de Guerre mai reshen dabino na zinare, yana cikin Amurkawan farko da suka samu. Rundunarsu ta yi kwana 191 a bakin daga. Da suka dawo gida aka yi musu fareti a titin Fifth Avenue ranar 17 ga Fabrairu 1919, Johnson na tsaye cikin buɗaɗɗiyar mota da damin furanni a hannu, lokacin an riga an ƙara masa girma zuwa saje. Gwamnati ta yi amfani da sunansa wajen tallar kan sarki na tara kuɗin yaƙi da kiran matasa shiga soja. Theodore Roosevelt ƙarami, ɗan tsohon shugaban ƙasa, ya lissafa shi cikin jarumai biyar na Amurka a yaƙin. Amma lamba daga ƙasarsa, ko ɗaya. Aka sallame shi a farkon 1919 haka nan.

Wallahi duk wanda ya karanta yanayin lokacin ba zai ce mantuwa ba ce. A watan Agusta 1918 wani hafsan Faransa da ke aiki da hedikwatar Amurka, Kanar Linard, ya rarraba wata takardar sirri yana gargaɗin hafsoshin Faransa kada su riƙa cin abinci da baƙaƙen sojojin Amurka ko su gaisa da su hannu da hannu, kada kuma su cika yabonsu musamman a gaban fararen Amurka. W.E.B. Du Bois, marubuci mai fafutukar 'yancin baƙaƙen Amurka, ya samo takardar ya buga ta a 1919. A duk yaƙin nan babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba Medal of Honor a lokacin, na farko shi ne Kofur Freddie Stowers, shi ma sai 1991, bayan an gano cewa an rubuta masa shawarar tun 1918 takardar ta maƙale ba wanda ya yi aiki a kanta. Shi kuma Johnson ya ƙara wa kansa baƙin jini a wajen manya, don a watan Maris 1919 an gayyace shi jawabi a St. Louis ana jiran ya yi daɗin baki kan yadda fari da baƙi suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa, sai ya tashi ya faɗi irin wulaƙancin da suka sha a hannun fararen sojoji. Daga nan gayyata ta ɗauke, har aka nemi kama shi wai yana sa kaki bayan wa'adin da aka yarda masa.

Ya rasu ranar 1 ga Yuli 1929 a Washinton, ciwon zuciya, bai kai 40 ba. Lambar Purple Heart da ake ba wanda aka raunata a yaƙi sai 22 ga Fabrairu 1932 aka farfaɗo da ita, kuma da farko sai mai rai ne zai rubuta ya nema da kansa, toh mutumin da ke da rauni 21 ya riga ya kwanta dama shekara uku kafin nan.

A nan akwai abin da nake so a lura da shi sosai. Shekara da shekaru labarin da ake bayarwa shi ne takardar sallamarsa ba ta ambaci rauninsa ba sam, bai taɓa karɓar ko sisi na nakasa ba, ya mutu a wulaƙance an binne shi a kabarin marasa galihu a Albany. Da masu bincike suka shiga kundin ajiya da gaske sai wani ɓangare na labarin ya canza. An samu takardun hukumar tsofaffin sojoji ta wancan zamani da ke nuna a watan Satumba 1927 an yanke masa cikakkiyar nakasa saboda tarin fuka, yana karɓar kuɗi duk wata har rasuwarsa. Kabarin ma ba a Albany yake ba, a maƙabartar Arlington yake inda ake binne jaruman ƙasa, an binne shi da faretin soja, sai farkon shekarun 2000 aka gano haka. Me ya ɓoye shi tsawon lokacin? Suna. Cikakken sunansa William Henry Johnson, da shi aka binne shi, duniya kuma ta san Henry Johnson, wasu littattafan ma sun liƙa masa Lincoln a tsakiya wanda ba nasa ba ne. Duk wanda ya taɓa zarya saboda an rubuta masa Muhammad a wata takarda Mohammed a wata ya san yadda suna ɗaya ke raba mutum gida biyu a ofis. Ni a ganina wannan gyaran bai rage komai daga zaluncin da aka yi masa ba, kuɗin da ya samu na tarin fuka ne shekara takwas bayan sallama, lambobin kuma ba a ba shi ba, amma masu fafutuka sun yi daidai da suka karɓi abin da takarda ta nuna ko da ya saɓa wa labarin da suka saba bayarwa, don da sun kafe a kan abin da ba haka yake ba da an samu hujjar watsi da sauran.

Fafutukar ta kankama ne a Albany. A 1991 aka sa wa wani titi sunansa aka kafa masa dutsen tunawa a Washington Park. Wani tsohon sojan Biyetnam, John Howe, ya ɗauki abin a kansa har ya rasu bai ga ƙarshensa ba, tare da Herman Johnson, tsohon sojan sama cikin rundunar baƙaƙe ta yaƙin duniya na biyu da ake kira Tuskegee Airmen, wanda ya tashi da sanin cewa Henry mahaifinsa ne. A 1996 zamanin Bill Clinton aka ba da Purple Heart, shekara 78 bayan raunin. Sanata Chuck Schumer ya shigo maganar a 1999. Aka nemi Medal of Honor ba a samu ba, sai aka ba da ta biyu a daraja, Distinguished Service Cross, aka miƙa wa Herman a farkon 2003.

Dalilin da ya sa babbar ta gagara shi ne ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba wasa. Ana son shaidar waɗanda suka gani da ido, ana son amincewar manyan sojan da ke sama da shi a lokacin da abin ya faru, kuma doka ta sa wa'adi, in shekara 5 ta wuce sai majalisa ta yi doka ta musamman ta ɗage. Yankan jarida da waƙar yabo ba sa cike wannan gurbi. Ga kuma wata masifa, ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar fayilolin sojoji da ke St. Louis ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, ba kwafi ba komai. Duk mai neman gyara wa kakansa na yaƙin duniya takarda sai ya ci karo da wannan gobara, dole ya koma neman shaida a gefe.

A gefen kuwa aka samo. A 2011 wata ma'aikaciya a ofishin Schumer tana tono a rumbunan intanet ta ci karo da saƙon tangaraho da Pershing da kansa ya aika Washinton ranar 20 ga Mayu 1918, kwana biyar bayan faɗan, yana ba da rahoton jarumtar sojoji biyu baƙaƙe a yankin da Faransa ke riƙe da shi. Wato babban kwamandan ya sani, ya kuma rubuta da sunansa. Aka haɗa da bayanin Needham Roberts wanda a gabansa aka yi komai, da wasiƙar da Kanar Hayward ya rubuta wa matar Johnson yana zayyana mata abin da mijinta ya yi, wadda ta shiga kundin majalisa tun 1918 tana zaune ba wanda ya waiwaye ta. Aka tattara fayil sama da shafi 1,000 aka sake miƙawa. A 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya amince, a ƙarshen shekarar majalisa ta ɗage wa'adin cikin dokar kasafin tsaro, sai bikin 2015, rana ɗaya da Saje William Shemin, Bayahude, wanda shi ma tasa ta makara tun daga 1918.

Wani abu mai sosa rai ya faru dab da bikin. Da sojoji suka bi salsala don sanin wa za a miƙa wa lambar, sai binciken ya nuna babu alaƙar jini tsakanin Herman da Henry. Herman ya rasu a 2004 bai ji wannan ba, kuma rundunar ta ce ba ta ga alamar yaudara ba, mutumin ya yi imani da abin da aka gaya masa tun yana yaro ne. An gayyaci iyalinsa sun halarta, amma lambar sai Louis Wilson, babban saje manjo na dakarun jihar Niyok, ya karɓa. Gaskiya na tausaya wa wannan gida, shekaru suna wahala a kan mutumin da suke kira kaka, kuma ba don su ba da wuya a kai inda aka kai.

Toh yanzu ga 'yan uwanmu da ke Amurka, don akwai waɗanda suka je da girin kad suka shiga soja, wasu an kai su Iraƙi ko Afganistan ko Kuwait. Hanyar yau ta fi ta zamanin Johnson sauƙi nesa ba kusa ba amma ciwon iri ɗaya ne. Tun 1950 takardar sallama ita ce DD-214. A tsarin fom ɗin da aka daɗe ana amfani da shi, gida na 12f shi ke nuna tsawon aikin da ka yi a ƙasar waje, gida na 13 lambobinka, gida na 18 nan ake rubuta ƙasar da aka kai ka da kwanan watan shiga da fita. Ranar sallama mutum ya ƙosa ya tafi gida, akawu ya miƙo ya sa hannu bai karanta ba, sai bayan shekaru ya ga 12f sifili ne. Wani kuma ba laifin kowa, lambar ce ta fito bayan ya bar aiki, kamar lambar yaƙin Iraƙi da aka ƙirƙiro a ƙarshen 2004 amma ta shafi waɗanda suka je tun 19 ga Maris 2003, ko Combat Action Badge, ta wanda ya yi arangama da abokan gaba, da ta fito a 2005 aka mayar da ita baya zuwa Satumba 2001. Kuma kada wani ya ce ai kwalliyar ƙirji ce kawai, lambar fagen yaƙi tana iya ba ka fifikon maki wajen neman aikin gwamnatin tarayya, sannan dokar PACT da aka sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022 ta ce wanda ya yi aiki a ƙasashe irin su Iraƙi da Afganistan ya kamu da wasu cututtuka kamar asma bayan ya dawo, za a ɗauka hayaƙin ramukan ƙona shara ne sanadi ba sai ya kawo hujjar haka ba, abin da ake buƙata a tabbatar ya je wurin a lokacin da dokar ta ambata.

Matakin farko ka nemi cikakken fayil ɗinka da fom SF-180 ko ta intanet, kyauta ne. In sojan ƙasa ne, maganar lamba ana fara kai ta sashen kula da ma'aikata da ke Fort Knox, in shaida ta fito fili su gyara su ba ka DD-215 mai ɗauke da gyaran ko sabuwar DD-214. In sun ƙi sai ka cike DD-149 zuwa hukumar gyaran takardun soja, wadda doka ta kafa tun 1946 don a daina kai kowane ƙorafi gaban majalisa ɗaya bayan ɗaya. Wa'adi shekara 3 ne daga ranar da ka gano kuskuren, amma suna da ikon ɗagewa in adalci ya buƙaci haka, don haka kar tsufan lamari ya hana ka nema. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne hukumar tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke rubuce daidai ne, kai ne za ka nuna ba haka ba, ba za su tashi su yi maka bincike ba. Doguwar wasiƙar kuka ba ta motsa su. Abin da ke motsa su odar tafiya mai sunanka, takardar albashin watannin da ke nuna dala 225 ta alawus ɗin haɗari da cire haraji na fagen yaƙi, rahoton shekara da ogan ka ya rubuta ya ambaci inda kuke, katin asibitin sansani, odar lambar kanta, sai bayanin abokan aiki da suka sa hannu a matsayin ƙari. Kar ka dogara da cewa runduna ta ajiye, don a 2012 binciken kafar labarai ta ProPublica da jaridar Seattle Times ya nuna rundunoni da dama sun dawo daga Iraƙi da Afganistan ba su da bayanan ayyukansu na fili, an goge ko ba a ma ajiye ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna taya cike waɗannan takardu ba ko kwabo, ban ga dalilin da mutum zai fara da biyan wani ɗan kamasho ba. In kuma lambar ba a taɓa rubuta maka shawararta ba kuma lokaci ya wuce, sai ta hannun ɗan majalisarka, irin hanyar da aka bi wa Johnson.

Maganar Johnson ba ta tsaya a 2015 ba. Ranar 13 ga Yuni 2023 aka canza wa barikin Fort Polk da ke jihar Louisiana suna ya koma Fort Johnson, a cikin shirin cire sunayen janar-janar na Kudu da suka yi yaƙi don kare bauta, don Leonidas Polk ɗaya ne daga cikinsu. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta mayar da sunan Fort Polk, aka ce wannan karon don girmama wani Janar James H. Polk ne na yaƙin duniya na biyu. Wannan ya yi min ciwo sosai, sunan mutumin shekara biyu kacal ya yi a ƙofar barikin. Lambobinsa uku dai, Purple Heart ta 1996 da wadda aka miƙa a 2003 da aka ɗaga zuwa Medal of Honor a 2015, waɗannan sun shiga kundin soja da oda da sa hannu, kuma an canza dutsen kabarinsa a Arlington an rubuta babbar lambar a jiki.